Hannu a Baƙar Jaka

Lemarta Lawal ya fara gani kafin ya ga fuskarta.

Yana tsaye a bakin kasuwar Keffi, rana ta take, makirufo a hannu, ya shaƙe wuyansa da taye sai zufa yake yi. A gabansa Malachi mai ɗaukar hoto ya saɓa kyamara a kafaɗa, ya kanne ido ɗaya. Tun ɗazu Lawal ke fara magana harshe na sarƙe masa, sai yanzu da ƙyar ta kama hanya. Yana tsakiyar cewa, "Jama'ar Keffi sun shaida mana..." sai ga wata jar lema ta ratsa tsakaninsa da kyamarar, a hankali, ko a jikin mai ita.

"Kai, kai, kai! Madam!" Malachi ya sauke kyamara yana dafe kai. "Kin ɓata mana fim! Abeg, ba ki ga muna aiki ba?"

Lemar ta tsaya, ta ɗan karkata. Budurwa ce doguwa, da littattafan yara a hammata, da garin alli a gefen mayafinta. Ta dubi Malachi, sannan ta dubi Lawal tun daga taye har takalmi.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Na ga mutum tsaye cikin rana yana magana shi kaɗai, na zaci ba shi da lafiya, shi ne na ce bari in bi nesa da shi."

Masu kayan miya da ke gefe suka kwashe da dariya. Lawal kuwa, mutumin da magana ce sana'arsa, ya nemi ko kalma ɗaya ya rasa. Haka ya tsaya sororo yana kallon jar lemar har ta shige cikin rumfuna.

A shekarun nan kuɗin mai ya fara zubo wa ƙasa, kowa sai sayen sabon abu yake yi, amma talabijin a Keffi ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba. Lawal ɗan garin Nasarawa ne, shi ne wakilin gidan talabijin na Jos a wannan yanki. Aiki ne mai suna, mara hutu. Su ɗauki labari, su rufe fim a gwangwani, su ba direba a tasha ya kai Jos, a wanke, a yanyanka a haɗa, sai bayan kwanaki a nuna. Fim ɗin kuma ba kullum ake turo shi ba, gwangwani ɗaya kuma ba ya wuce 'yan mintoci. Shi ya sa in aka ɓata wa Malachi fim yakan ji kamar ɗansa aka taɓa.

Mazauninsu in sun shigo gari shi ne shagon Madam Ngozi a Tudun Ƙofa. Tana sayar da kayan masarufi, tana da janareto, tana da talabijin da eriyarta ke ɗaure a kan wata doguwar gora. Bayan magariba rabin unguwa a ƙofar shagonta yake kallon labarai.

A nan Allah ya sake haɗa su. Mai jar lemar nan ta shigo sayen alli, sai ta iske Malachi zaune a kan benci, ya zura hannayensa biyu cikin wata baƙar jaka mai hannu kamar na riga, ya ɗaga kai sama yana motsa baki.

"Madam Ngozi, shi kuma wannan lafiya?" ta tambaya. "Ko duk ma'aikatarsu haka suke?"

Wannan karon Lawal bai yarda harshe ya ci amanarsa ba. Ya miƙe da sauri har ya kusa kifar da kwalbar lemo.

"Fim yake zubawa a kyamara, Malama. Fim ba ya son haske. Ko ɗan kaɗan ya taɓa shi, ya mutu ke nan. Shi ya sa ake buɗe shi a cikin jakar nan, hannu ne ke gani a maimakon ido."

"Ashe ka iya magana da mutane," ta ce, tana danne dariya. "Na ɗauka sai da iska."

"Sunana Lawal."

"Na sani. Ai kullum kana cikin akwatin talabijin na Madam kana faɗa mana."

Madam Ngozi ce ta ji tausayinsa. Bayan budurwar ta fita ta ce, "Oga Lawal, rufe baki, ƙuda zai shiga. Sunanta Zulaihatu. Malama ce a firamaren unguwar nan. Ba ta da wasa o, amma tana da kirki."

Daga ranar labaran Keffi suka yawaita a talabijin. Ko akuya ce ta haifi huɗu a Tudun Ƙofa, sai Lawal ya ga ya kamata duniya ta sani. In ya zo bai same ta ba, yakan bar 'yar takarda a wurin Madam Ngozi, ita kuma ta cusa ta cikin kwalin alli.

"Mai Lema, na je Akwanga, na je Lafiya, duk inda na ga jar lema sai gabana ya faɗi. Malachi ya ce in ban daina waige-waige ba zai kai ƙarata Jos. Naki, Lawal."

Amsarta takan jira shi a ƙarƙashin talabijin.

"Ɗan Akwati, jiya na gan ka a labarai. Tayenka ya karkace, kuma ka rame. Ka riƙa cin abinci kafin ka hau hanya. Ba don na damu ba ne, don kada a ce wakilin Keffi yunwa yake ji. Zulai."

Ya karanta wannan takarda har ta fara yagewa a lanƙwasa. Son Zulaihatu ya shige shi sosai, irin wanda mutum ba ya iya ɓoyewa ko da ya so.

Wata ranar Asabar suna zaune a bencin shagon, Madam Ngozi na tsakani tana tsince shinkafa, ya ce, "Zulai, na gaji da zancen kwalin alli. Ki ba ni izini in turo Kawuna gidanku."

Murmushinta ya ragu. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ba yanzu ba. Baba ba ya son aikinku."

"Me aikinmu ya yi masa?"

"Cewa yake yi duk wanda ke tsayawa a taro da abin magana a hannu yana kiran sunayen manya, maroƙi ne, ko da ya sa kwat. Kuma ya ce shi ba ya ba maroƙi 'yarsa." Ta ɗago. "Ga kuma Alhaji Idris ɗan kwangila, kullum motarsa na ƙofar gidanmu. Ni ko fita ba na yi, amma Baba na ganin mutuncinsa."

Lawal ya tsuke fuska. Ita kuwa ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Kada ka tsuke fuska, Ɗan Akwati. Ka bar mini Baba, na san ta inda ake shigarsa."

Ba ta gaya masa dabararta ba, kuma nan ne aka yi kuskuren.

Ranar kasuwa Lawal da Malachi suka je ɗaukar labarin tsadar kaya. Sun gama, fim ya ƙare ƙaf, suna naɗe waya, sai ga wani dattijo ya nufo su cikin farar babbar riga da ta sha guga, mutane na ba shi hanya suna cewa, "Sannu, Alhaji Mai Gishiri." Ya tsaya a gaban Lawal ya ce, "Yaro, an ce kuna ɗaukar maganar mutane. Ina da magana."

To, masu wannan aiki suna da wata al'ada a lokacin. In babban mutum ya zo yana son a ɗauke shi, alhali fim ya ƙare ko ba a son ɓata shi, ba a ce masa a'a. Sai a saita masa kyamara babu komai a cikinta, ta yi ta ƙara ƙirrr, ya yi maganarsa, a yi masa godiya, ya tafi da farin ciki. Fim ɗin iska suke ce masa. A ganinsu girmamawa ce, don kada a kunyata dattijo a gaban jama'a.

Lawal ya sosa kunnensa na dama, alamarsu ke nan. Malachi ya saɓa kyamara.

Dattijon ya gyara tsayuwa ya fara. Ya ce kakansa da jakuna ya fara ɗauko gishiri daga garin Keana, ubansa ya gada, shi ma ya gada. Ya ce yanzu kuɗi sun zo, kowa gishirin kanti yake so, fari fat kamar sukari, matan da ke dafa gishiri a Keana tun kaka da kakanni suna nema su kashe murhu. Kasuwa ta yi tsit.

Lawal ya ji maganar ta shige shi, har ya ce a ransa, kaico, wannan ai ya fi duk abin da muka ɗauka yau. Amma aikin gama ya gama. Ya rusuna ya yi godiya.

"Yaushe za a nuna?" dattijon ya tambaya.

"Watakila ranar Laraba, Baba," in ji Lawal, don abin da ake faɗa ke nan.

Ranar Laraba da magariba ya iso shagon Madam Ngozi, ya tarar da taron da bai taɓa gani ba. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. An kawo kujera an ajiye gaban talabijin, dattijon nan na kai, ana ta rabon goro. Daga ɓangaren mata Zulaihatu ta zagayo, fuskarta sai annuri.

"Ka gan shi can?" ta raɗa masa. "Babana ne, Alhaji Husaini. Ni na lallaɓa shi ya je ya yi muku magana. Ban gaya maka ba don kada ya ce an shirya masa ne. Yau in ya ga kansa a akwati, ka turo Kawu ko gobe."

Lawal ya matso kusa da ita.

"Zulai... akwai magana..."

"Shhh, an fara!"

Aka nuna kasuwar Keffi, jama'a suka yi sowa. Aka nuna mai tumatir, aka nuna mahauci, aka nuna Lawal da tayensa. Sai aka wuce zuwa labarin wasanni. Wani ya ce ai sai ƙarshe ake sa manya. Aka jira har aka rufe labarai, babu Alhaji babu dalilinsa.

A cikin shirun nan ne Alhaji Idris, wanda ke jingine da motarsa, ya yi gyaran murya. Shi ya saba da taron buɗe gine-gine, ya san kan abin.

"Alhaji, ai fim ɗin iska suka yi maka," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ba komai a cikin kyamarar. Haka suke wa tsofaffi in suna so su rabu da su."

Alhaji Husaini ya juyo a hankali har idonsa ya sauka a kan Lawal.

"Yaro, gaskiya ne?"

Lawal ya durƙusa. "Gaskiya ne, Baba."

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya bi ta tsakiyar mutanen da ya gayyato ya tafi gida. Zulaihatu ta bi bayansa tana share hawaye, ko waiwayen Lawal ba ta yi ba.

Duk da haka Lawal ya roƙi Kawunsa ya zo daga Nasarawa ya ba da haƙuri, ya kuma gabatar da maganar aure. Kawu ya dawo jiki a sanyaye.

"Ya karɓe ni da mutunci, har ruwa aka kawo mini," in ji shi. "Amma ya ce da yana kiranka maroƙi, yanzu ya gane ya zalunci maroƙa. Ya ce maroƙi in ya kira sunanka, da gaske ya kira, kowa ya ji. Ya kuma ce bayan salla zai ba Idris amsa. Ɗana, ka nemi wata."

Lawal bai iya neman wata ba. Abinci ma da ƙyar yake ci. Ya rubuta mata:

"Zulai, ban san mahaifinki ne ba. Amma ko ba mahaifinki ba ne, mahaifin wata ne, kuma abin da na yi bai kyautu ba. Ki yafe mini. Ban san yadda zan rayu a garin nan ina ganin lemarki daga nesa ba."

Sai da aka daɗe kafin amsa ta zo.

"Lawal, ni ma da laifina, ni na tura shi. Baba ya daina zama a ƙofar gida, yara na tsokanar ƙannena wai 'ya'yan mai fim ɗin iska. Ina sonka, ban daina ba. Amma ba zan auri wanda Babana ba ya iya kallo ba. Ba ni ce zan yafe ba."

Ana haka aka turo musu gwangwanin fim guda daga Jos, da umarni mai ƙarfi: wani babban jami'i zai zo buɗe sabon ofishi, a ɗauke shi yana yanka ƙyalle. An kuma raɗa wa Lawal cewa in ya yi wannan aiki da kyau, za a tura shi Ikko, babban birnin ƙasa, inda duk wani wakili ke mafarkin zuwa.

Da safen ranar ya ce wa Malachi, "Zuba fim. Kasuwa za mu."

"Kasuwa? Oga, taron yana wancan gefen gari fa."

"Na sani."

Malachi ya dube shi. "Za su cinye mu ɗanye a Jos."

"Ni zan ce na tilasta ka."

"Hmm. Wannan soyayya wahala ce," in ji Malachi, amma ya jawo baƙar jakarsa.

Alhaji Husaini na zaune a rumfarsa cikin buhunan gishiri, Zulaihatu ta kawo masa abinci tana shirin komawa. Lawal ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya cire taye ya cusa a aljihu, ya zo ya durƙusa a ƙasa. Kafin ka ce me, mutane sun kewaye rumfar.

"Baba, a gaban jama'a na kunyata ka, shi ya sa na zo a gaban jama'a. Na tuba. Maganar da ka yi ranar nan ta fi ƙarfin a bar ta ta bi iska. Ga kyamara, yau da fim a ciki. Ka taimaka ka sake faɗa."

Alhaji ya dubi kyamarar, ya dubi Lawal.

"Da fim a ciki?"

"Da shi, Baba."

"To buɗe in gani."

Malachi ya rungume kyamarar a ƙirji. "Ah, Baba! In an buɗe a rana, fim ya mutu! Kuma shi ke nan mana, babu wani!"

"Kun ji ko?" Alhaji ya juya ga jama'a. "In ba a buɗe ba, akwai. In an buɗe, babu. Wannan wane irin ciniki ne? Ni gishiri nake sayarwa, ba wanda ya taɓa saye bai ɗanɗana ba."

Mutane suka yi dariya, wasu na cewa gaskiyar Alhaji. Lawal ya dubi kyamarar. In ya buɗe ya kashe fim ɗin, in ya ƙi ya tabbata maƙaryaci. Zufa ta keto masa.

Sai wata murya ta fito daga bayan buhuna.

"Baba, akwai jaka."

Kowa ya juya. Zulaihatu ce, kanta a ƙasa.

"Suna da wata baƙar jaka da haske ba ya shiga. A ciki ake buɗe fim. Ido ba zai gani ba, amma hannu zai taɓa."

Alhaji ya ɗaga gira. "Ke kuma a wace makarantar kika karanta wannan?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kasuwa ta sake ɗaukar dariya. Shi kansa Alhaji sai da gefen bakinsa ya motsa.

"Kawo jakar," ya ce.

Malachi ya cire gidan fim daga kan kyamara ya saka a jaka ya zuge, yana ta roƙo. "Baba, don Allah wanke hannu tukuna, duk gishiri ne." Aka kawo buta Alhaji ya wanke, ya goge da rawaninsa. Jakar hannu biyu gare ta. Alhaji ya zura nasa ta ɗaya, Lawal ya zura nasa ta ɗayan.

A cikin duhun jakar Lawal ya lalubi murfin ya buɗe, sannan ya lalubo hannun dattijon, mai kaushi da tsagewar gishiri, ya kamo yatsansa ya ɗora a gefen naɗin.

"Ka ji wani abu mai santsi, Baba? Da 'yan hujoji a gefe? Shi ne fim."

Alhaji ya shafa, ya sake shafawa. Maimakon ya zare hannunsa, sai ya kama na Lawal ya riƙe gam. Ya daɗe a haka yana kallon fuskarsa, jama'a ba su san abin da ke faruwa a cikin jakar ba. Can ya saki.

"Rufe abinka," ya ce. "Ka ɗauka."

Ya yi maganar fiye da ta farko. Ya ɗebo gishirin Keana a tafin hannu ya nuna wa kyamara, ya kira sunayen matan da yake saye a wurinsu tun yana saurayi. Fim na ƙarewa Malachi ya ɗaga hannu, ya ce, "Baba, ya ƙare. Ka ga yau na faɗa maka."

Lawal bai ba direba gwangwanin ba, da kansa ya kai Jos. Abin da ya tarar ba daɗi. Babban jami'i ya yanka ƙyallensa ba kyamara, ya kuma buga waya ya yi faɗa. Shugaban sashen labarai ya wanke Lawal tas, ya ce batun Ikko ya manta da shi. "Tunda Keffi kake so, za ka zauna a Keffi har sai ka yi hankali." Amma da aka wanke fim ɗin aka haska wa shugaban, sai ya ce da irin gishirin nan mahaifiyarsa ke miya. Ya sa aka saka shi a labaran Juma'a.

Wannan karon Alhaji Husaini bai gayyaci kowa ba, ya ma ce ba inda za shi. Madam Ngozi ta ce ba ta yarda ba. Ta sa aka kinkimo talabijin da janareto da gorar eriya aka kafa a ƙofar gidansa, unguwa ta biyo baya.

Bayan magariba sai ga fuskarsa ta cika akwatin, da wani ɗan tabo a gefen hoton daga farko.

"Wancan tabon fa?" wani ya tambaya.

"Yatsan Baba ne," in ji Malachi da takaici.

"Yatsana ne!" Alhaji ya faɗa da alfahari, kamar shi ya ƙera talabijin ɗin. Mata suka rangaɗa guɗa daga soro. Aka nuna maganarsa daga farko har ƙarshe, ba a yanke ko kalma ba. Da aka waiwaya neman Alhaji Idris, sai ƙurar motarsa.

Kafin wata ya zagayo, direbobin Jos da na Akwanga sun fara tsayawa a kasuwa suna tambayar rumfar tsohon nan da aka nuna a talabijin. Alhaji ya aika Nasarawa a ce wa Kawu ya dawo.

"Na ji an hana shi zuwa Ikko saboda ni," ya ce wa Kawu.

"Haka ne, Alhaji. An ce ya zauna a Keffi, horo ne."

"Madalla da wannan horo. Da ma ba na son a kai mini 'ya nesa." Ya gyara zama. "Ka san abin da ya sa na sauko? Ba don na ga kaina a akwati ba ne. Ranar da na sa hannu a jakar nan, fim ɗin na taɓa, na yarda. Amma hannun yaron nan na ji yana rawa kamar mai zazzaɓi. Na yi shekaru ina hulɗa da masu daɗin baki a kasuwa, hannunsu ba ya rawa. Na ce wannan tsoron rasa 'yata yake yi da gaske. Na ba shi Zulaihatu."

Bayan salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Husaini a Tudun Ƙofa. Mutanen Nasarawa suka zo mota guda, matan Keana suka aiko da gishiri buhu-buhu gudummawa, Madam Ngozi ta yi anko da dangin amarya tana ta gaya wa kowa cewa a kwalin allinta aka haifi wannan aure. Malachi ya fito da wasu guntayen fim da ya daɗe yana ɓoyo, ya saɓa kyamara.

Alhaji ya hango shi ya ɗaga murya. "Kai Malachi! Da fim ko babu?"

Malachi ya zaro baƙar jaka ya miƙa masa. Taro ya fashe da dariya.

"Bar ta," in ji Alhaji. "Na riga na taɓa abin da nake son taɓawa."

Ya kamo hannun Lawal, wannan karon a fili kowa na gani, ya ce, "Ga amana nan na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ya sa ku rufe mu, ba mu rufe ku ba."

Jama'a suka amsa da amin.

Da la'asar aka kai amarya ɗan gidan da Lawal ya kama a bayan makarantar su Zulaihatu. Da 'yan rakiya suka watse, ya shigo ya tarar da jar lemar nan jingine a bayan ƙofa, ita ce kayan da ta fara shigowa da su.

"Mai Lema," ya ce a hankali.

Ta ɗaga mayafi kaɗan. "Ɗan Akwati. Ka yi asarar Ikko fa saboda ni."

"Ikko ta yi haƙuri."

Ta miƙo hannu ta kama nasa, sai ta yi dariya.

"Baba ya yi gaskiya. Har yanzu rawa yake yi."

"To ki riƙe shi da kyau," in ji Lawal.

Ta riƙe. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan.